Inda Kawu Nomau Ya Ɓoye Iri

Tun da muka dawo daga ƙasar Yarbawa ban sha shayi da zafinsa ba. Da na kai kofi baki sai wani daga cikinku ya taɓo ni: "Sahabi, wai da gaske na tuwonsu baƙi na?" Kafin in amsa, wani ya ce in faɗi yadda aka tsaga ƙirjin Kawu aka mayar aka ɗinke. Na gaji. Ga shi na rubuta sau ɗaya, wanda bai iya karatun boko ba ya nemi mai karanta masa, ku bar ni in sha shayina.

Ga wanda takardar nan za ta faɗa hannunsa bai san mu ba, ni ne Sahabi na Gangara, ƙasar Sabon Birni. Na yi sakandare a Isa, shi ya sa duk wata takarda ta asibiti ko ta hukuma ni ake kawo wa. Ban da wannan, mutane na cewa sana'ata zama. Ina da zaure, ina da tabarma, ina da rediyo da abokai, kuma ban taɓa jin zama ya kashe kowa ba. Kawu Nomau wan mahaifiyata ne, gidansa na jikin nawa. Shi kuma tun da aka haife shi bai zauna ba. Damina yana gona, rani yana fadama bakin gulbi yana noman taba da albasa, yana jan ruwa daga wannan fangali zuwa wancan, sigari a baki. A duniya alheri ɗaya ya taɓa yi mini da hannunsa. Bayan kakar bara ya ce ramukan ɓera da ke zaurena abin kunya ne ga dangi, ya kore ni kwana uku, ya cike su ya daɓe ƙasan. Har yau yana goranta mini.

Kun dai san abin da shekarun nan biyu suka yi mana. Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba, gidaje da yawa suka daka irinsu suka sha fura da shi. Kawu yana da wani irin gero ɗan gajere, gadon ubansa, mai saurin nuna, wanda ko damina ta gajarta yakan ba da abin sawa a rumbu. Gida huɗu na danginmu da shi muke shuka. Da ya ga yunwa ta fara leƙa rumbuna, sai ya auni abin da zai ishe mu ya ɓoye, ko matarsa Inna Tumba ba ta san wurin ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ran da ruwa yas sauko ni za ni ɗauko abina. Ina za ni?"

Sai ga tari. Ya sha saiwa, ya sha zuma, tari na nan, har ya fara ganin jini a kaki. Daga asibitin Isa aka tura mu Sakkwato, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ja ni gefe ya ce akwai ƙari a huhun dama, yana zaton ciwon daji ne, sai an sami masu aikin ƙirji sun cire. Ƙanen Inna Tumba, Alhaji Ummaru, wanda ya shekara talatin yana fataucin goro a Kudu, ya aiko cewa a kawo shi, akwai babban asibiti a garinsu. Da yake ni ne mai Turanci, kuma ba wanda zai ce tafiyata ta tsayar da wani aiki, sai aka ce ni za ni raka shi.

Da safen tafiya Inna Tumba ta tare ni bayan rumbu.

"Sahabi, abu biyu nika so gare ka. Na hwarko, kada ka kuskura ka hwaɗa mai sunan ciwon ga. Ka ce majina ta ta daskare za a kwashe. Na biyu, kada ka dawo ba ka san inda yaɓ ɓoye irin ga ba."

Na ce, "Inna, in nit tambaye shi inda irin shike, ai na hwaɗa mai ke nan ba a sa ran shi dawo."

"Kai kay yi boko," in ji ta. "Ka nemo dabara."

Haka na shiga mota da saƙo biyu masu cin juna. Na uku kuma Kawu ne ya ɗora mini: wani matashin kai na fata, ya ce ba ya iya barci sai da shi. Da na ɗaga sai da ƙuguna ya yi ƙara. Na matsa shi da yatsa, na ji wani abu ƙanana-ƙanana yana zamewa a ciki. Na ce a raina, tsoho, ashe dabararka ba ta wuce nan ba. Na rungume matashin nan kamar jariri.

Duk da haka na ce bari in ji daga bakinsa. A akori-kurar da ta ɗauke mu zuwa Isa, muna matse tsakanin buhunan albasa da wata akuya da ta ƙudurta sai ta ci hulata, na ce, "Kawu, wai gara ba ta cin gero in an binne shi?"

"In an binne shi ina?"

"Ko'ina."

"To, ko'ina ba ta ci."

Muka wuce Shinkafi, muka wuce Ƙaura. A tashar Gusau muna cin shinkafa da wake na sake gwadawa. Na ce jiya na yi mafarki wai irin yana ƙarƙashin tsohon rumbu. Ya lashe cokalinsa ya ce in koma in yi barci, wataƙila wannan karon a nuna mini daidai. Daga nan na haƙura har Kwantagora, inda muka kwana a masallacin tasha, shi kansa bisa matashi, ni kaina bisa takalmina.

Washegari da hantsi muka iso gadar Jabba. Ku da ba ku taɓa wuce Gusau ba, nan ne iyakar gaske, ko da yake ba a buga fasfo. Daga can Arewa ta ƙare. Kawu ya leƙa ta taga ya ga kogin Kwara shimfiɗe, ruwa iya ganinka, mutumin da ya shekara biyu yana haƙa yashi a gulbi don ya shayar da albasa. Can ya ce, "Duk wanga ruwa, ba mai shi?"

Bayan gadar akwai shingen masu kaki. A nan ya kamata in yi bayani saboda baƙo. Mu Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Bagobiri ya ga Bayarabe zai kira shi bawansa, Bayarabe ma haka, a zagi juna a ci abincin juna, ba mai fushi. Kawu kuwa tun daga gida yake wasa harshensa, don a lissafinsa duk wanda ke bayan gadar nan Bayarabe ne. Wani saurayi mai kaki ya leƙo ya ce a sauke kaya. Kawu ya gyara zama ya ce, "Kai, bawana! Zo ɗauki kayan ubangidanka, ka yi sannu da su."

Ashe yaron nan ba Bayarabe ba ne, daga can gabas ya fito, kuma cikin Hausar duniya kalmar da ya fi sani ita ce bawa. Wayyo! Aka sauke mu, ni da Kawu da matashi, aka zaunar da mu a rana bakin kwalta. Fasinjoji na ta tsaki, direba na rantsuwa zai tafi ya bar mu. Ni ina ta zuba Turancin sakandare, yaron na ƙara hawa. Ya zunguri matashin da bakin takalmi ya ce mene ne a ciki. Kawu ya ce, "Ƙasarmu ta." Na ce a raina, kai, tsohon nan ya iya ƙarya.

Allah ya kawo babbansu, wani dattijo mai tumbi da tsage uku-uku a kumatu. Ya tsaya ya dubi fuskar Kawu, ya ƙirga zanen Gobir, shida nan, bakwai nan, sai ya fashe da dariya ya ce da Hausa, "Wa ya saki wannan bawan ba igiya?" Kawu ya miƙe kamar ba shi ne mai tari ba, ya ce, "Yawwa, ga na gida! Kai, haka anka koya maka tarbon ubangidanka?" Suka yi ta yi har fasinjoji suka manta da fushi. Dattijon ya saya wa Kawu burodi da ayaba, ya ce sadakar bayi ce, ya sa yaron da ya tsare mu ya ɗauki matashin ya kai mota. Yaron dai har muka tashi bai gane abin da ya faru ba.

Masaukinmu gidan Alhaji Ummaru ne a Sabo, unguwar Hausawa, ɗaki ɗaya kusa da inda ake jiƙa ganyen goro. Game da tuwo, e, baƙi ne, da garin busasshiyar doya ake yi, suna ce masa amala. Miyar kuwa lalo ce tsaf, irin wadda awakinmu ke ci a bayan gari, sai dai an zuba mata barkonon da zai ishi ƙauye. Loma ta farko hawaye suka zubo mini, mai abincin ta ɗauka tausayin Kawu nake ji, ta ƙara mini ganda. Gaisuwarsu kuma, saurayi ya ga babba sai ya zube rub da ciki. Ranar farko da wani ya yi wa Kawu haka, Kawu ya ja da baya ya ce a kawo ruwa, farfaɗiya ce.

Abin da ya fi ci masa rai ruwan sama ne. Mu mun baro gida ana gasuwa, can kuwa damina ta riga ta kama. Ruwa zai sauko kamar da bakin ƙwarya, ya bi lambatu ya wuce, ba mai tarawa, ba mai ko ɗaga kai ya gode. Kawu zai tsaya bakin ƙofa yana bin lambatun da ido, yana cewa wannan an haƙa ta a karkace, waccan ta toshe, wancan gidan yana turo wa maƙwabcinsa ƙazanta. Da ba don numfashi ba na tabbata da ya nemi fartanya ya gyara musu gari.

Ranar Juma'a Alhaji ya ɗauke shi a mota zuwa masallaci, ni na ce cikina na ciwo, ni ma dai amala ta ba ni hujja. Suna fita na jawo matashi na sa reza na farke ɗinkin. Na zura hannu ina bismilla. Yashi. Yashin gulbinmu, fari tas, wanda na ɗauko a ka tun daga Gangara. A tsakiya akwai 'yar takarda a naɗe, da ajamin Kawu mai kama da tafiyar kaza: Sannu da aiki, Sahabi.

Na ɗinke yadda na iya. Da suka dawo ya juya matashin ya dubi ɗinkin ya ce, "Wanga aikin mai boko na." Na ce to don Allah mene ne amfanin wahalar da ni da yashi. Ya ce, "Wanda za a tsaga ma ƙirji alwala shika yi? Taimama za ni yi. Kuma ba ni yin ta da jar ƙasar bayina." Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don mai majina ba ya irin wannan shiri.

Likitan ƙirjin Bayarabe ne, dogo, mai furfura a gemu, kuma ashe ya yi bautar ƙasa a wani ƙauye kusa da Isa, Hausa a bakinsa har da karin magana. Muna shiga ya dubi kumatun Kawu ya ajiye biro ya ce, "Yau ga bawana ya kawo kansa." Kawu ya ce, "Kai dai wanke hannunka da kyau, jikin sarauta za ka taɓa." Ma'aikatan jinya suka tsaya baki buɗe, don a asibitin nan ko tari ba a yi a gabansa sai da izini. Da muka fito na koma ni kaɗai na roƙe shi kada ya faɗi sunan ciwon. Ya ce shi ba zai tura wa mutum labari a dole ba, amma in mai jiki ya tambaya, ba zai yi masa ƙarya ba.

Aka yi gwaje-gwaje, aka sa rana, aka yi aiki. Suka cire yankin huhun da ƙarin yake, da wasu 'yan ƙulla-ƙulla na kusa da shi. Ba za ni ba ku labarin kwanakin nan ba, don ba abin dariya a ciki, sai dai ranar da ya farfaɗo, robobi ta ko'ina, abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi ruwa a gida. Na sunkuya kusa da kunnensa, Allah ya yafe mini, na ce ko akwai wani abu da yake so ya faɗa mini. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Akwai. Kana taka mani roba."

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki, yana iya takawa, likita ya kira mu ofishinsa, sakamakon naman da aka cire ya fito. Na zauna bayan Kawu ina ta ƙyafta wa likita ido har ya tambaye ni ko wani abu ya faɗa mini a ciki. Kawu ya ce, "Rabu da shi. Bawana, ni da kai ba ɓoyo. Abokin wasa shi ka hwaɗa ma sarki bakinai na wari. Mi na sunan ciwon ga?"

Likita ya daina murmushi. "Ciwon daji ne, Baba."

"Tun Sakkwato na sani," in ji Kawu. "Likita ya ja wanga gehe, ya dawo yana saya mani lemu. Sahabi, da bai taɓa ba ni ko ɓarin goro ba! To, an cire. Ya ƙare ko da saura?"

Likita ya juyo da allon kwamfutarsa. Ya ce wannan yankan naman ne, an ƙara girmansa. Muka ga wani abu ruwan hoda, da 'yan zobba ruwan ƙasa barbaje a gefe. Ya ce ban da jijiyoyin jini, jikin mutum na da wasu siraran hanyoyi da ke ɗaukar wani farin ruwa daga cikin nama su kai shi kaluluwa a tace. Kaluluwar da muka sani a hammata da matsematsi, akwai irinta a ƙirji, su ne ƙulla-ƙullan da aka cire. Shi kuma irin wannan ƙari yakan fitar da wani sinadari da ke sa sababbin hanyoyi su tsiro kewaye da shi. Ya ce bincike yake yi a kansu, yana shafa wa naman wani rini da ke kama hanyoyin nan kaɗai, sai ya ƙirga. Zobban nan bakunansu ne. "Na Baba," in ji shi, "sun yi yawa."

Na ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi har da tafa hannu.

Kada ku yi mini dariya, ku ma da haka za ku yi. Mutum ya fito daga shekara biyu ta fari a ce masa hanyoyin ruwa sun yi yawa, har sababbi na tsirowa, me zai ce?

"Ruhe muna baki," in ji Kawu, ya waiwayo ya harare ni. Ya matsa kusa da allon ya ƙura ido. "Likita, hanyoyin ga, kawo ruwa suka yi ko hitarwa?"

"Fitarwa."

"Daga wurin ciwon?"

"Daga wurin ciwon."

Kawu ya gyaɗa kai a hankali. Sai ya juyo gare ni, yana magana kamar muna bakin gulbi. Ya ce in tuna fangalin da muguwar ciyawa ta kama. In yana rufe, sai ka nome shi ka ƙone, magana ta ƙare. Amma in an fasa masa mafita ta ko'ina, ruwan da ke fita yana tafe da 'ya'yan ciyawar, ko ka nome shi tas ka makara, sun riga sun bi ruwa. Ya ce wa likita, "Wuraren da ruwan ka taruwa, kaluluwar da kac ce, kun iske ɗiyan ciyawa ciki?"

Likita ya dube shi. Ya ce shekara nawa yana koya wa ɗalibai wannan abu, bai taɓa samun wanda ya kama shi da wuri haka ba. Ya ce e, a cikin waɗanda aka cire, an samu a wasu. Ya ce ƙirgar hanyoyin nan ita kaɗai ba ta yanke hukunci, har yanzu ana kan bincike. Amma abin da aka lura, waɗanda nasu suka yi yawa sun fi samun ciwon a kaluluwa, kuma ya fi saurin dawo musu. Kaluluwar ita ce babbar shaida, kuma ta riga ta yi magana.

"Damina nawa?" in ji Kawu.

"Wannan lissafin ba a hannuna yake ba, Baba, na Allah ne. Akwai magani da ake sawa ta ƙarin ruwa, za ni rubuta ka riƙa karɓa a Sakkwato, yana rage wa abin gudu, kada ka yi wasa da shi. Amma in kana da aikin da kake cewa sai baɗi, yi shi bana."

Ni a nan na kasa. Na sa hula a fuska ina kuka kamar yaro, ba kunya. Kawu ya ce wa likita ya yi haƙuri, barkonon garinsu ne bai sake ni ba. Da za mu fita likita ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce in an yi girbi a aiko masa da damin gero, haƙƙin ubangida. Kawu ya ce mai cin baƙin tuwo me ya sani game da gero. Suka yi dariya su biyu, amma likitan bai saki hannun da wuri ba.

A hanyar dawowa ban tambayi komai ba. Wallahi iri ya fita raina, da za a ce in zaɓa da na zaɓi kada in taɓa sani. Muka hau gadar Jabba, Kawu na kallon ruwa ta taga. Bai juyo ba ya ce, "Sahabi, irin na cikin zaurenka."

Na ce, "Zauren wa?"

"Naka. Tulu biyu, da toka, baki liƙe. Daidai ƙarƙashin tabarmarka. Kana zaton ɓeraye nib bi kwana ukku?"

Na dafe kai. Ya ce ya duba garin nan kaf, rumbu ana buɗewa, gona ana haƙawa, ɗaki mata na sharewa, wuri ɗaya ne ya tabbata ba za a taɓa ɗaga abin da ke kansa ba. Na ce to ai yanzu na yi kusan wata biyu ba na nan. Ya ce, "Ka bar magada. Abokan nan naka akwai mai tashi cikinsu?" Ku ji fa. Ni dai saƙo na isar.

Sannan ya ce, "In ruwa ya sauko kag gane ni da dagi, yi kamar ba ka sani ba. In ba ka gane ni ba, ka haƙa." Na ce to. Daga nan har Kwantagora ni dai ji nake da ma na ci gaba da ɗaukar yashina cikin jahilci.

Mun iske gidan Kawu kamar an yi haƙar zinariya. Inna Tumba ta tone bayan rumbu, ta tone turken awaki, ta tone har gindin murhu. Kawu ya tsaya ya duba ya ce madalla, an yi masa kaftu kyauta. Ita kuma ta ja ni gefe ta ce yaya saƙonta. Na ce na farko ban faɗa ba, kuma ban yi ƙarya ba, don ba ni na faɗa ba. Na biyu kuma na ce ta tambayi mijinta. Shi ya zaunar da ita da kansa ya yi mata bayanin fangali da mafita. Abin da suka ce wa juna bayan nan ban ji ba, na bar musu gidan.

Sauran kun gani da idonku, amma akwai abin da ba ku ji ba. Mun je Sakkwato sau ɗaya an sa masa maganin, muka dawo, kowa na duban gabas. Kowa na roƙon ruwa don hatsi, ni ina roƙon ya yi sauri don wani dalilin. Ranar da ya sauko, da safe muna zaure ana dafa shayi, ƙasa na ƙamshi, ni kunnena na waje. Sai na ji takun sanda, ashe Kawu ne, dagi yake dogarawa. Ya tsaya bakin ƙofa yana haki ya ce, "Ku tashi." Kuka tashi, abin da ba a taɓa gani ba. Ya yaye tabarmata, ya ɗaga dagi ya sara sau ɗaya, ya sara na biyu, na uku bai ɗagu ba. Ya tsaya ya dafa bango. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, na karɓa na haƙa, kuna ta cewa yau ga Sahabi na gumi, a kira mai hoto.

Ya zauna a kan matashin yashinsa ya raba irin kashi huɗu, gida-gida, yana faɗan kada a zuba da yawa a rami. Da kowa ya watse da nasa, sai na ga ya rage kwano biyu a gindin tulu. Na ce Kawu an yi mantuwa. Ya ce ba mantuwa ba ce, wannan na baɗi ne, ko da bana ta sake cin amana. Ya tura mini tulun da ƙafa ya ce in nemi wuri in ɓoye, kada ko matata ta sani.

Na ce, "To in na ɓoye sai in zo in hwaɗa maka wurin."

Ya dube ni kamar ranar da na ce alhamdu lillahi a ofishin likita. Ya ce, "Mi za ni yi da shi?"

Geron ya tsiro, jiya ma ya sa na kai shi a amalanke ya zagi layin da na shuka, ya ce a karkace yake. Tulun kuma na ɓoye shi. Ku daina ɗaga mini tabarma in na shiga gida, ba nan yake ba.